Alhassan Ɗantata (1877–1955): Wakilin Kamfanin da Ya Kafa Gidan Kasuwanci

Gabatarwa

Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa dukiyar attajiri ba ta cika isa ga jikokinsa ba. Sau da yawa mutum yakan tara abin duniya har sunansa ya cika gari, amma da zarar an yi sadakar arba'in an raba gado, sai kowane ɗa ya ja rabonsa ya nufi gabansa, yaran gida su watse, abokan ciniki su koma wata ƙofa. Kafin a shekara ashirin sai a iske babu abin da ya rage sai ƙaton zaure da labari. Gidan Alhassan Ɗantata na Kano yana cikin 'yan gidajen da suka kuɓuta daga wannan hali, domin shekara saba'in bayan rasuwarsa zuriyarsa suna nan a sahun gaba na 'yan kasuwar Nijeriya. Abin da ya ƙara wa al'amarin ban sha'awa shi ne, mafi yawan dukiyar da ya tara ya same ta ne yana matsayin wakilin wani kamfanin Turawa, watau yana ciniki da izinin wasu, bisa farashin da wasu suka yanka. A wannan maƙala za a bi rayuwarsa domin a ga yadda ya mai da wakilci ya zama gida mai tsayuwa da ƙafafunsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne. Su Agalawa, kamar Tokarawa da Kambarin Barebari, jama'a ce da ta shahara da fataucin goro a ƙarni na 19. Asalinsu daga wajejen Azbin ne, suka gangaro suka zazzauna a ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama Hausawa a harshe da al'ada, amma suka riƙe wasu ɗabi'u da suka bambanta su: auratayya a tsakaninsu, da tsimi da tanadi, da koya wa yaro fatauci tun yana ɗan ƙarami. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuma, wadda ake yi wa laƙabi da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Alhassan yana da kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado, abin da ya faɗo wa yaron bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tattara ta koma Ankara, watau babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta rene shi, da sunanta kuma duniya ta san shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin mutumin da ya ga yadda rabon gado ya wargaza gidan ubansa yana ɗan shekara takwas, ba abin mamaki ba ne idan a ƙarshen rayuwarsa babbar damuwarsa ta zama yadda nasa gidan zai tsira.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana almajiranci yana 'yan sana'o'in hannu don ya ci da kansa. Da ya kai kimanin shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi ɗan kaya a gida, ya sayar da wani a hanya, ya ƙarasa da sauran Ankara. Idan ya je da zaton zai tarar da hutu a wurin uwa mai dukiya, to bai samu ba, don kuwa hannun wani malami ta danƙa shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin da ya komo gida.

Bai daɗe da komowa ba sai Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, suka fice zuwa Takai, aka yi ta gwabzawa har Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Yaƙin ya ci garuruwan fatake da dama. An kama Alhassan tare da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da aka biya fansa suka sami kansu.

Daga Jaki zuwa Jirgin Ruwa

Tsohon fataucin Gwanja aiki ne mai cin rai. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da turkuɗi da baƙaƙen rini da kanwa da jemammun fatu, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, ana biyan fito da kuɗin hanya ga sarakuna, ana fama da 'yan fashi, har a isa kasuwar Salaga inda goron dazuzzukan Asante yake fitowa. Zuwa da dawowa kan ci mafi yawan shekara. Goro kuwa kaya ne mai son lele; sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa, in ba haka ba a iso gida da asara. Amma wannan wahala ita ce makarantar da ta koya wa Agalawa abin da ya fi jari tsada, watau yadda ake ba yaro kaya a amince masa ya yi tafiyar wata da watanni, da yadda ake riƙon fatoma da dillali a kowane zango, da yadda ake bin bashi ba tare da takarda ba.

Lokacin da Alhassan ya kama ƙasa sosai, wannan tsari ya soma sukurkucewa. Yaƙin cikin gida ya rushe Salaga a 1892, Turawan Ingila sun ci Asante, sun kuma ci Kano a 1903. Shi kuwa maimakon ya nace wa tsohuwar hanya, sai ya juya ta kudu. Yakan gangara Ibadan da Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sakandi, ya hau zuwa Kumasi ya sayi goro, ya ɗoro shi a jirgi zuwa Ikko. Yana cikin Hausawan farko da suka yi wannan dabara. Tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara sai ga shi ana iya yin ta sau da dama, jari yana juyawa. Wajen 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun wuya da murjani da yadudduka na Turai. Daga baya ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a unguwar Sarari. Uwargidansa Umma Zariya ita ce ta riƙe masa ɓangaren cinikin da namiji ba ya iya shiga, watau sayar da kayan ado ga matan kulle a cikin gidaje.

Gyaɗa da Wakilcin Kamfani

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawa a lokacin auduga ce, don ciyar da masaƙun Ingila. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da Bature, gyaɗa kuwa tana yi a jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, in kasuwa ta faɗi a ci abin a gida ko a yi mai da ƙuliƙuli. A Turai kuma ana neman man gyaɗa ido rufe don yin sabulu da man girki da man shafa wa burodi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi suna da kuɗi da sikeli da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Dole suka nemi fataken goro. Su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara shiga. Alhassan bai yi gaggawa ba. Sai a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya zama mai saya masa gyaɗa. Cikin 'yan shekaru kaɗan, wajen 1922, ya shige gaban waɗanda suka riga shi, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda wannan wakilci yake, domin a nan ne gwanintar mutumin take. Kafin kaka kamfani yakan ba wakili adibas mai yawa, wani lokaci kuɗi, wani lokaci haɗe da kaya irin su atamfa da akoko da gishiri da kananzir. Kamfani ne ke yanka farashin tan, shi ke duba kyawun kaya, shi ke da ikon fitarwa waje. Wakili kuwa ladansa kamasho ne a kan kowane tan, da 'yar ribar da ya iya tsira da ita tsakanin farashin ƙauye da na tasha. Duk wata asara ta tsakani a wuyansa take: yaron da ya gudu da kuɗi, manomin da ya ci bashi damina ta ƙi, gyaɗar da aka cuɗa da tsakuwa, buhun da ruwa ya taɓa. Wanda ya san yadda dilan kamfanin lemo ko mai gidan man da ke ɗauke da tambarin wani babban kamfani yake aiki a yau, ya san irin wannan zama. Suna da kaya na mai izini ne, gumi da haɗari na mai karɓar izini.

Abin da Alhassan ya yi shi ne ya ɗauko tsarin ayarin goro ya dasa shi a ƙarƙashin kamfani. Adibas ɗin da ya karɓo yakan rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa nasu yaran da 'yan baranda, har kuɗin ya isa hannun manomi a ƙauyen da Bature bai taɓa jin sunansa ba, sau da yawa tun kafin a cire gyaɗa, lokacin da manomi yake cikin matsin biyan haraji. Da kaka jakuna da raƙuma su yi ta kwararowa da kaya. Yaran nan galibinsu 'yan'uwa ne da surukai da 'ya'yan abokan fatauci da barorin gida, mutanen da cin amanar maigida zai jawo musu abin kunyar da ya fi kuɗin tsada. Yakan yi musu aure, ya ba su muhalli, wanda ya nuna ƙwazo ya yanka masa jari ya tsaya da kansa amma ya ci gaba da kawo kaya gida. Ta haka kamfani ya wayi gari yana bukatar Alhassan kamar yadda Alhassan yake bukatarsa. A ganina wannan shi ne asirin al'amarin duka: izinin na kamfani ne, ana iya karɓe shi ran da aka ga dama, amma jama'ar tasa ce, ba kuwa mai iya karɓe ta da takarda.

Ba za a ce tsarin ba shi da aibi ba. Manomin da ya karɓi kuɗi da bazara ya riga ya sayar da guminsa da araha, kuma kowane hannu da gyaɗa ta ratsa kafin ta kai sikeli sai ya ɗan lasa. Dukiyar da ta taru a Sarari, da wadda ta fi ta yawa da ta taru a Ingila, daga bayan wannan manomi ta fito.

A 1920 kamfanin Lever Brothers ya saye Kamfanin Neja, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani babban kamfani aka sami United Africa Company, wadda aka fi sani da UAC. Alhassan ya zama babban mai saya mata gyaɗa a Arewa. A wannan shekara ta 1929 ne aka yi abin nan da har yau ake ba da labarinsa a Kano, ranar da ya kai kuɗinsa na azurfa bankin Turawa a kan raƙuma ashirin. An san shi da ƙin karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa. Haka kuma sunansa ne ake haɗawa da dalar gyaɗa, watau jera buhuna a yi tsauni da su a fili kafin jirgi ya samu kwashewa, dala guda takan ci buhu wajen 15,000. Dalar nan da ta zama alamar arzikin Kano, a gaskiya shaida ce ta cewa jirgin ƙasa ya kasa ɗaukar abin da manoma suke nomawa.

Iyakar Wakili

Duk da wannan ɗaukaka, akwai katangar da Alhassan ya daɗe bai haye ba. Da kasuwar duniya ta faɗi daga 1929 zuwa farkon shekarun 1930, farashin gyaɗa ya zube, kamfanonin Turawa suka haɗa kai suna yanka farashi ɗaya don kada su yi gasa da juna, ga kuma Kwarori sun shigo tsakani suna neman nasu rabon. Attajirai da yawa sun karye a wannan lokaci. Shi ya tsira domin bai taɓa zuba ƙwansa duka a gyaɗa ba: bai saki goro ba, yana cinikin shanu da fatu da hatsi da yadi, yana sayen filaye da gidaje, daga baya ya shiga sufurin motoci.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni kaso gwargwadon abin da kowanne ya saba fitarwa kafin yaƙi. Wannan ƙa'ida a fuska adalci ce, amma a aikace ta rufe ƙofa ga galibin 'yan ƙasa, tun da kaɗan ne daga cikinsu suke da tarihin fitar da kaya da sunansu. Alhassan ya nemi izinin saye da fitarwa da kansa, bai samu ba. Mutumin da ya fi kowa tara gyaɗa a ƙasar ya ci gaba da miƙa ta ga wani ya sa mata suna. Sai bayan da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, siyasar neman mulkin kai kuma ta soma tilasta wa Turawa sassauci, sa'an nan ya sami lasin na sayar wa hukuma kai tsaye, a kakar 1953 zuwa 1954, saura shekara biyu kacal ya bar duniya. A waɗannan shekaru ne kuma ya sa hannu tare da wasu attajiran Kano wajen kafa Kano Citizens' Trading Company, wadda ta yi masaƙar zamani ta 'yan ƙasa.

'Ya'ya da Rasuwa

Yadda ya yi da 'ya'yansa ya cancanci a lura. Bai bar su su tashi a matsayin 'ya'yan mai kuɗi ba. Ya kafa makaranta a cikin gidansa inda suka yi karatun addini da na boko da lissafi, sa'an nan tun suna samari ya tura su bakin sikeli da ƙauyuka su koyi aikin daga tushe, kamar dai yadda mahaifiyarsa ta yi masa a Ankara. Bai kuma cusa su duka a rumfa ɗaya ba. Sanusi ya kama gyaɗa da shanu da sufuri da jarin kansa. Mamuda ya buɗe harkar jigilar alhazai, kamfaninsa West African Pilgrims Agency shi ne asalin sunan Wapa da ke Fagge, inda 'yan canji suke har yau. Ahmadu ya zauna kusa da uban a kan babban kamfani, Aminu kuma, wanda aka haifa a 1931, ya fara da sayen gyaɗa a ƙarshen shekarun 1940. Hikimar wannan rabo a fili take: 'yan'uwan da kowa yake da tasa gonar ba su cika faɗa a kan kuyya ɗaya ba.

Ɗaya dabarar ita ce kamfani mai rajista, Alhassan Dantata and Sons. Gado a shari'ar Musulunci dole ne a raba shi, kowane magaji ya karɓi haƙƙinsa, kuma an raba nasa. Amma kamfani suna ne da ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Lasin da yarjejeniya da amincin banki suna iya zama a kansa ko da an raba dukiya. A nan Alhassan ya ari kayan aikin Turawan da ya yi wa wakilci ya toshe ɓarakar da ta cinye gidan ubansa.

Da ciwo ya kama shi a 1955, ya ga alamar ba zai tashi ba, sai ya tara 'ya'yansa tare da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin ya rushe, su riƙe zumunci da auratayya a tsakanin dangi, su kuma kula da mutanen da suka yi masa hidima. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah ya jiƙansa.

Bayan Rasuwarsa

Ahmadu ne ya fara riƙe kamfanin, amma bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1960. Ragama ta koma hannun Aminu yana ɗan shekara 29. Sanusi kuwa a shekarun 1960 ya zama mafi girman masu lasin sayen gyaɗa a Nijeriya, watau ɗa ya kai matsayin da aka hana uban shekara da shekaru.

Gwajin gaskiya ya zo ne da gyaɗar kanta ta ƙare. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya janye hankalin gwamnati daga noma, suka haɗu suka share dalar gyaɗa daga Kano, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona ɗungum. Gidan da ya dogara ga lasin gyaɗa kaɗai da ya tafi tare da ita. Amma tun kafin haka Aminu ya karkata ga kwangilar gine-gine da shigo da kaya, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 kuma suka ba gidan damar sayen hannun jari a kamfanonin baƙi, daga bisani ya shiga harkar man fetur da banki. Abdulƙadir ɗan Sanusi ya haɗa gwiwa da Jamusawa suka kafa kamfanin gine-gine na Dantata and Sawoe. Ta wajen Mariya 'yar Sanusi kuma aka sami Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan. Ya tashi a hannun kakansa Sanusi, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa, ya fara da saro kayan da wasu suka ƙera yana rarrabawa, kafin ya kai ga kafa masana'antun siminti da sukari da matatar mai, inda a yau shi ne mai ba dubban diloli izinin sayar da kayansa.

Sanusi ya rasu a 1997. Aminu ya yi shekara sittin da biyar yana jagorancin gidan, ya rasu ran 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka binne shi a Madina.